Gwargwado da Sunan Ɗakin Kaji

A ofishinsu ba mai kiransa da sunan yanka. Gwargwado ake ce masa, tun daga manaja har mai gadi, kuma ya daɗe da daina ɓata rai, don ya san bakinsa ne ya jawo masa. In za a zuba masa shayi sai ya ce gwargwado. In an tambaye shi ƙarfin da za a sa wa fanka, gwargwado. Matarsa ta ce ko a lokacin da yake nemanta, hirar ma gwargwado ya riƙa yi mata, minti ashirin ya duba agogo ya miƙe.

Siririn mutum ne, ya ɗan haura hamsin, da tabarau mai igiya da biro uku a aljihun gaba. Sana'arsa rubuta manhaja. Kamfaninsu ɗaki uku ne a saman wani shagon taya, suna haɗa 'yan akwatuna masu girman sabulu da ake maƙalawa a ɗakunan kaji. Akwatin yana auna zafi, in ya yi yawa ya kunna fanka, sannan ya tura wa mai kajin saƙo a waya. Ayyuka uku ke nan a lokaci guda, kowanne da ɗan ma'aikacinsa a cikin manhajar, wanda masu sana'ar ke kira zare. Mahaifiyarsa ta sha jin kalmar a bakinsa, har ta bar duniya tana gaya wa ƙawayenta ɗanta telan kwamfuta ne.

Kafin a tayar da zare, akwai sharuɗɗan da ake tsara masa: yawan filin da zai samu a ƙwaƙwalwar na'ura, wa zai sha gaban wa in an yi cunkoso, da ko za a jira shi ya gama ko a sake shi ya kama gabansa. Yawancin masu aikin ba sa taɓa wurin nan, suna barin na'ura ta raba da hannunta mai yalwa. Shi kuwa Gwargwado almubazzaranci yake kiran wannan. Ya koyi aiki ne a zamanin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta cika cokali ba, kuma har yau zamanin bai sake shi ba. Sai ya zauna da takarda ya auna abin da kowane zare zai ci, ya yanka masa daidai wuyansa. Akwai wani ɗan lungu da na'ura ke bari tsakanin zare da zare, don in ɗaya ya ƙetare iyakarsa a tsayar da aiki a san mai laifi. Shi ma lungun ya cire shi, ya ce maƙwabtan kirki ba sa buƙatar katanga.

Abokiyar aikinsa da teburinta ke kallon nasa, wadda ake kira 'Yar Sauri saboda yadda take buga madannai kamar ana binta, takan ce, "Baba Gwargwado, ka bar musu wurin juyawa mana." Sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce wanda aka ba wurin juyawa barci yake yi. A gaskiya ba ta da abin kama shi da shi. Shekara goma sha ɗaya akwatunansa suna aiki, ko tari ba su taɓa yi ba.

To, ƙi gudu sa gudu ne bai zo ba. Wata safiya wata Hajiya, dattijuwa mai gidan kaji a bayan gari, ta bugo waya, ta ce akwatin da aka sa mata a sabon ɗaki ya haukace. Fanka ta tashi da sanyin safiya ta yi ta kaɗa kaji, in rana ta take kuma ta yi shiru abinta. Sauran ɗakunanta huɗu lafiya lau.

Gwargwado ya ɗauki jakarsa ya tafi da kansa. Ranar farko ya ce wutar lantarki ce. Rana ta biyu ya ce ɓera ne ya ci waya, ya sa aka kwance silin, ba a ga ko kashin ɓera ba. Ya canza akwatin da sabo fil, Hajiya ta shigar da bayananta, kafin a jima sabon ma ya kama haukan ɗan'uwansa. Da ya koma gida yana warin kaji yana zagin masu haɗa fanka, matarsa ta ajiye masa abinci ta ce, "Baban yara, laifi dai tudu ne." Ya yi kamar bai ji ba.

A rana ta uku yana tsugune a bakin ɗakin, kaji na tsattsagar igiyar takalminsa, sai Hajiya ta miƙo masa wayarta ya ga saƙon ƙarshe da akwatin ya turo kafin ya rikice. A sama, inda ake sa sunan ɗaki, inda kowa ke rubuta Ɗaki na Biyar ya wuce, ga abin da ta rubuta: Sabon ɗakin farare na bayan rijiya kusa da mangwaro wanda ƙofarsa ba ta rufuwa sai an ɗaga ta.

Ya karanta sau biyu. Ya cire tabarau ya goge. Zaren da ke haɗa saƙo ya auna masa fili ne daidai sunan da bai wuce kalma uku ba. Dogon sunan nan ya cika filin ya tumbatsa, ya malala cikin na maƙwabcinsa, zaren fanka, ya dagula masa lissafi. Da lungun nan yana nan, da tun ranar farko na'ura ta nuna mai laifi.

Ya yi gyaran murya, ya tambayi Hajiya cikin ladabi ko za ta iya gajarta sunan. Ta ce a kan me? Ma'aikatanta biyu ne kuma dukansu sababbi, in ta ce na biyar sai su tsaya ƙirga, in ta ce na bayan rijiya kowa ya gane.

"Injiniya," ta ce, "ni na sayi akwatin ko shi ya saye ni?"

A nan gindin mangwaron ya buɗe kwamfutarsa a kan buhun dusa. Ya ninka wa zaren saƙo fili sau biyu, ya dubi fuskar Hajiya, ya ninka sau huɗu yana ji kamar ana cire masa haƙori. Ya mayar da lungun tsakanin kowane zare da ɗan'uwansa. Da rana ta take fanka ta tashi, kaji suka rufe baki.

Abin da ya fi masa wuya shi ne washegari. Zai iya cewa ya gyara kawai, ba mai bincikarsa. Amma ya tara abokan aikinsa a ɗakin manaja, ya zana abin a allo, ya ce shi ya yi kuskuren, kuma duk akwatunan da ke waje sai an sabunta su. 'Yar Sauri ta yi ta kallon silin tana cije leɓe. Da suka fito ta ce masa ba za ta ce komai ba. Ya ce ai gara ta faɗa ta huta, shirun nata ya fi ciwo. Tare suka yi aikin sabuntawar, mako biyu cur, kuma a ciki ya gano mata wurare uku inda nata zaren ke cin fili ba dalili, abin da ya ɗan sanyaya masa rai.

Bai canza hali ba, kar a yi masa ƙarya. Har yanzu yana aunawa da takarda da biro. Sai dai in ya gama lissafi yakan ƙara wani abu a kai, ya rubuta a gefe: rabon Hajiya. Sababbin ma'aikata suna ganin kalmar a cikin manhaja, su zaci wata ƙa'ida ce ta manyan masana.

Bayan wata shida Hajiya ta gina ɗaki na shida, ta bugo masa don ya ji sunan tun kafin ta shigar. Ya saurara yana ƙirga haruffa da yatsa a ƙarƙashin tebur, yatsun suka ƙare ya sake zagayowa. Da ta kai aya ya ce sunan zai shiga, har da saura. Ta ce madalla, don ta manta ba ta sa cewa rufinsa yana yoyo ba.