Kawu Bitrus da Zaren Awon Baya

Ku da kuka zauna a unguwar Romi kun san Kawu Bitrus ba ya gaida mutum ta gaba. Kana miƙa masa hannu, shi ya riga ya zagaya bayanka da zaren nan na magina mai ƙarfe a ƙasa. Ya ɗora a ƙeyarka ya saki, ya ƙanƙance ido, sannan ya ce, "To, ina kwana?" Ya daɗe da barin aikin gini, amma idonsa ya ƙi yin ritaya. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi, na san tsoronsa ɗaya ne a duniya: kada a gan shi a ranƙwafe, yadda tsufa ya yi wa babansa.

Ko fasto bai tsira ba! Wata Lahadi ya tare shi a bakin coci.

"Fasto, kafaɗarka ta hagu ta sauka. Littafin nan ya yi nauyi, ka riƙa canza hannu."

Ranar da Yohanna, direba daga Gonin Gora, ya zo neman aurena, Kawu bai tambayi danginsa ba. Zare ya fito.

"Ya ɗan karkata, amma tushe na da kyau. A ba shi."

Ni da nake leƙe ta taga, kamar in nutse don kunya.

Sai ga ma'aikatan lafiya sun zo unguwa suna auna tsayuwar manya masu ƙoshin lafiya. Mutum ya jingina dugadugansa da bango, su auna tazarar ƙeyarsa da bangon, su bi ƙashin bayansa da wata rula mai lanƙwasuwa. Kawu ya je sa ido. Wata likita ta yi masa bayani cikin ladabi cewa lafiyayyen baya ma yana da lanƙwasarsa a wuya da ƙugu, haka Allah ya yi shi.

"Yarinya, gida nawa kika taɓa ginawa?"

"Ko ɗaya, Baba. Zo mu auna ka."

"Ni? Na bar wake a wuta!"

Mutumin da bai taɓa dafa ko ruwan shayi ba.

Bayan sati biyu na kai masa abinci, ya tura ƙofa, ya je ya tsaya jikin bangon da ya gina da hannunsa. Ya ja numfashi, ya miƙe iya ƙarfinsa har gwiwoyinsa na rawa.

"Rifkatu, sa yatsunki. Nawa ne tsakanin ƙeyata da bango?"

Tafin hannuna gaba ɗaya ya shige, har da saura.

"Biyu, Kawu."

Can ya ce, "Ƙarya kike yi. Allah ya yi miki albarka."

Daga ranar, duk inda za shi sai ya riƙe damtsena. Duk wanda ya kalle mu, sai ya ce, "Ƙafar Rifkatu ce ke ciwo, ina taimaka mata." Ni kuma in ƙara ɗingishi. Haka na yi ta ɗingishin ƙarya daga gida zuwa coci har damina ta wuce, ya tafi ya bar ni.

Ina kewar nauyin hannun nan ƙwarai. Da za a dawo mini da shi, da na yi ɗingishi har ƙarshen raina.

Ubangiji, ka karɓi bawanka Bitrus. Ya gaji, ka riƙe shi da kanka, ka ba shi hutu. Amin.