Gwiwar ƙarfen da Baba ya jira

Babanmu shi ne limamin masallacin unguwarmu a Roni tun kafin a haife ni. Ɗan ginin ƙasa ne wanda bai wuce sahu huɗu ba, amma a wurin Baba duniyar ke nan gaba ɗaya. Gona ma don dole yake zuwa.

Gwiwarsa ta dama ta fara ciwo ne bayan ya faɗo daga kan jaki a hanyar kasuwar Kazaure, wajen shekarun da aka sami mulkin kai. Maɗori ya ɗora, an sha saƙe-saƙi, wanzami ya kafa ƙaho. Ta lafa, ta dawo. Kafin in yaye 'yata ta fari, gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙoƙo. Ɗakin Inna katanga ɗaya ya haɗa da masallacin, don haka muna jin komai. In Baba zai tafi sujada, kabbararsa takan tsinke a tsakiya, ya ƙarasa ta da nishi. Inna sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta kasa kunne har ya ɗago.

Da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, yayana ya sami aikin tuƙi a Kano, shi ya matsa aka kai Baba asibiti. Na bi su, don ni ce mai bakin gidan, ba na raga wa kowa. Likitan mutum ne mai natsuwa. Ya ɗaga hoton ƙashin ya ce, "Malam, guringuntsin ya cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi. Abin da za mu iya shi ne mu haɗe ƙasusuwan biyu su zama ɗaya. Ciwo zai tafi, amma ƙafar ba za ta sake lanƙwasuwa ba."

Baba ya ce, "Likita, sujada fa?"

Likita ya sunkuyar da kai. Ina jin tausayi ne ya sa ya ƙara da cewa a ƙasashen waje ana ta bincike a kan wata gwiwa ta ƙarfe mai lanƙwasuwa, ana gwadawa a kan masu ciwo irin nasa, amma ba ta iso nan ba tukuna.

"Yaushe za ta iso?"

"Allah ne masani, Malam."

Shi ke nan fa, Baba ya sami abin riƙewa. Muka dawo gida da ƙwayoyi. Duk wanda ya sauka daga motar Kano, ko da ɗan tireda ne da ya je sarin sabulu, bayan gaisuwa sai Baba ya ce, "Ba ka ji labarin gwiwar ƙarfen nan ba? Ta iso?" Tun mutane suna dariya har suka daina. Ni kuwa haushi ya ishe ni. Wata rana na ce, "Baba, don Allah a yi aikin nan. Masu binciken nan ba su ma san da Roni a duniya ba." Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ke dai 'yar nan bakinki ya fi ki girma. Wanda ba ya iya cika sujadarsa ba ya jan masu iyawa. Ni na karantar da haka, sai kuma in take?"

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ya rame, barci ya ƙaurace masa. Ranar da ya yi sujada a sallar la'asar ya kasa tashi, mutum biyu daga sahun farko suka ɗago shi, ranar ya shigo gida ya ce da Inna, "A aika wa yaron nan ya zo da mota." Yayana yake nufi, ya yarda a yi aikin.

Aiki ya yi kyau, wannan kam ba zan yi wa likitan butulci ba. Ciwo ya tafi kamar an zare ƙaya. Baba ya yi ƙiba, ya koma cin tuwonsa har da neman ƙari. Amma da kansa ya kama hannun wani ɗalibinsa ya kai shi gaba, shi kuma ya koma ƙarshen sahu, jikin bango, inda miƙaƙƙiyar ƙafarsa ba za ta tare wa kowa hanya ba. Bangon ɗakin Inna ne. In sabon liman ya yi tuntuɓe a karatu, sai mu ji muryar Baba daga can gefe, a hankali, tana ɗora shi a hanya. Wannan muryar ta fi nishin da ƙona mini rai. A nan ya yi sallarsa har ya koma ga Allah, bai ƙara tambayar kowa labarin Kano ba.

Yanzu ni ma tsufa ya kama ni, kuma gwiwar dama ce, kamar gado. 'Ya'yana suka kai ni asibiti. Wata yarinyar likita, sa'ar jikata, ta ɗauko wani abu mai ƙyalli daga kan teburinta ta lanƙwasa shi a gabana, ta miƙar, ta ce, "Mama, irin wannan za mu sa miki." Na karɓa na riƙe. Na yi ta lanƙwasa shi ina miƙarwa.

Bayan an yi aikin, na yi watanni ina salla a kujera, ana lanƙwasa mini ƙafar kaɗan-kaɗan ina zagin kowa. Sai wata azahar na ture kujerar, na dafa gado, na sauka a hankali har goshina ya taɓa tabarma. Tasbihin ya ƙi fita. Kuka ne ya zo mini, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da gawar Baba.

Da na sallame na ce, Baba, ta iso. Ga ta nan a ƙafata, ni da ban taɓa jan kowa salla ba.