Timoti Bawa da Matar Kirya Mai Yatsu Tara

Haihuwa da Karatu

An haifi Timoti Bawa a shekarar 1929 a garin Kaltungo. Mahaifinsa Bawa masassaƙin turmi ne, mahaifiyarsa Dada kuwa maginiyar tukwane. Shekara uku kacal ya yi a makarantar mishan, sannan ya koma wurin mahaifinsa ya koyi riƙon gizago.

Aure da Sana'a

A shekarar 1956 ya auri Janet, wadda ta rasa babban yatsan ƙafarta ta hagu tun tana ƙarama, kuma ita ce ta faɗi wannan tarihi aka rubuta. A shekarar samun mulkin kai suka ƙaura zuwa Gombe, suka zauna a unguwar Kumbiya-Kumbiya, inda ya fara sassaƙa siffofin mutane. Bai taɓa aiki da wani itace ba sai kirya, kuma sai wadda ta bushe a tsaye da kanta. Ba ya goge sawun gizago, ba ya shafa fenti, man kaɗanya kawai yake shafawa bayan kowace damina, domin a wurinsa toshe wa itace numfashi zalunci ne.

Babban Aikinsa

Daga 1971 zuwa 1973 ya sassaƙa siffar wata mata ɗauke da kwandon auduga, tsayinta kamar na mutum, aka kafa ta a zauren wata ƙungiyar ma'aikata. Janet ce ta tsaya masa yana duban ta yana sassaƙa, kwando a ka, har wuyanta ya sage.

Abin da Aka Yi Masa

A shekarar 1977, lokacin da kuɗin mai ya sa mutane suka raina duk abin da ba jirgi ne ya kawo shi ba, aka ba wani ɗan kwangila mai suna Wakili gyaran zauren. A lokacin Timoti yana kwance a asibiti. Wakili ya sa aka cike sawun gizagon da siminti, aka malala wa siffar fenti ruwan azurfa, aka manna allon ƙarfe mai cewa daga Italiya ya sayo ta. Italiya fa, jama'a! Kiryar da aka jawo da jakuna biyu daga hanyar Dukku! Da Timoti ya samu sauƙi aka kai shi ya gani, ya kankare fentin da farce, maigadi ya kore shi. Bai sake ɗaukar gizago ba.

Rasuwarsa

Ya rasu ranar 9 ga Afrilu, 1979, aka binne shi a Kaltungo kusa da mahaifinsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Ernest, Titus, Christy da Jane. Iyalinsa ba diyya suke nema ba. A cire allon ƙarya, a rubuta sunansa. Duk shugaban ƙungiyar da ke shakka ya durƙusa ya ƙirga yatsun ƙafafun siffar, tara zai samu. Janet tana nan Kumbiya-Kumbiya da ranta, ƙafarta kuma ba ta taɓa taka Italiya ba.