Yadda Kawu Ya Koya Mana Faɗuwa

Kwanan baya a teburin mai shayi wani ya nuna mini waɗansu samari a waya, suna tsallake gine-gine, su diro, su mirgina, su tashi da gudu. Wai motsa jiki ne na zamani. Na mayar masa da wayarsa. Mu an koya mana wannan a Daura tun gemu bai fito mana ba, kuma ba don wasa ba.

Kawu, yayan mahaifiyata, magini ne, ginin ƙasa na tubali da azara. Da aka ga boko ba ya shiga kaina, sai aka miƙa ni wurinsa, muka zama mu huɗu a hannunsa. Wata guda cur bai bar ni na ɗora tubali ko ɗaya ba. Ya ce wanda bai iya saukowa ba, ba zai hau gininsa ba.

Kullum bayan asuba muna filin da ake kwaɓa ƙasa. Gudu da buhun yashi a kafaɗa, har bakin hanyar Zango mu dawo. Sai lilo a jikin azara har hannu ya mutu. Sai tafiya a kan katanga ba takalmi. Sannan dirowa, daga kan turmi, zuwa katanga, zuwa saman soro. Ka sauka a kan yatsun ƙafa, ka lanƙwashe gwiwa, ka ba ƙasa kafaɗa, ka mirgina.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne saki. Zai ba ka tubali ka riƙe, kana cikin iska ya ce, "Saki!" Mu kuwa 'ya'yan talakawa ne, tun muna ƙanana aka dake mu a kan kada mu yar da kayan mutane, sai hannu ya ƙi buɗewa. Duk wanda ya sauka da tubali a hannu, tsumagiya. Ni na fi kowa shan ta.

"Kai ɗan ƙanwata, tubali zan yi wani," in ji shi. "Uwarka kuwa ta gama haihuwa."

Ina kewar lokacin. Gab da damina unguwa duk ta ɗauki ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da makuba ta ɓawon ɗorawa, ana yaɓe. Kafin mu hau sama sai an yi kira mata su shiga ɗaki, su kuma su aiko da koko da ƙosai. In Kawu ya tafi masallaci, sai mu yi tsere daga wannan soro zuwa wancan, mu tsallake lungu kamar awaki. Jikina a lokacin ba ya yi mini gardama.

Sakin ya yi mini rana daga baya. A garin Mashi katakon da nake tsaye a kai ya karye da ni a ginin bulo, na wurgar da kwanon siminti, na mirgina, na tashi na karkaɗe riga.

Shekaru suka ja. Kawu ya tsufa, ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Na yi na yi ya koma ɗakin bulo a gidana, ya ƙi. Ya ce soron da ya gina da hannunsa ba zai ci amanarsa ba.

Wata damina aka kwana uku ana ruwa. Da la'asar na kai masa tuwo, matarsa ta shiga maƙwabta. Ina ɗakinsa zauren gidan ya zube, ya toshe ƙofa. Bangon ɗakin ya tsage, ƙasa tana zubowa a kan tabarma. Hanya ɗaya ta rage, katangar baya.

Na goya shi, na ɗaure da rawaninsa. Na taka turmi, na taka bakin rumbu, na hau katanga. Ta jiƙe, tana motsi a ƙarƙashina. Ƙasa kuwa ta fi tsayin mutum nisa. Da ni kaɗai ne, ba komai ba ce. Amma da tsoho a baya ba a mirginawa, sai ka danne shi.

"Kwance ni, ka dira," ya ce a kunnena.

"Kawu, riƙe wuyana."

"Na ce saki. Ba ka ji ba?"

Na dira a tsaye. Gwiwata ta dama ta yi ƙara kamar an karya kara. Na ja jiki da shi zuwa ƙofar maƙwabci, muna nan katangar ta kwanta, ɗakin ya bi ta.

Lokacin da mai ɗori yake ɗaure mini ƙafa, Kawu yana kwance a gefe yana kallo. Ya ce da mutane, "Shekara talatin, har yau yaron nan bai iya saki ba. A nemo mini tsumagiya."

Ya ƙara damina biyu a ɗakin bulon da ya raina, yana yi mini mita a kan zafinsa, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ni kuwa tun ranar ban sake hawa gini ba. Yanzu ƙasa nake kwaɓawa waɗansu su hau. In hadari ya haɗu, gwiwar ce take fara gaya mini, kuma sallah a zaune nake yin ta.