Sylvanus da Ƙumbar Onarabul

Sylvanus na Kudenda bai taɓa ganin teku ba, kuma da alama haka zai koma ga Mahaliccinsa. Ruwa mafi girma da ya sani shi ne kogin Kaduna, shi ma daga kan gada, a matse cikin bas. Amma ku shiga unguwa ku tambayi wanda ya san teku, ƙofarsa za a nuna muku. A rashin uwa ai akan yi uwar ɗaki.

Daga Binuwai ya zo yana saurayi, ya jefar da fartanya ya kama aikin rini a wata masaƙa. Ya auri Irene, suka haifi Hope, ya ajiye ɗan tumbi daidai albashinsa. Sai soja suka koma bariki, farar hula suka hau, aka ce kowa ya kawo kwanonsa za a raba romon dimokuraɗiyya. Sylvanus na riƙe da nasa kwanon aka garƙame masaƙar.

Romon dai bai zube a ƙasa ba, gidan Jethro ya nufa. Jethro ɗan cocinsu ne, wanda da can sai an tura masa babur yake tashi. Aka wayi gari ya zama Onarabul, ya dasa bene a Narayi. Da ya je Legas ya ga teku cikin akwatin gilashi a falon wani babba, ya rantse shi ma sai ya yi. Aka kawo masa tanki mai tsawon gado, da duwatsu, da fitilu, da kifaye masu kwalliya waɗanda ko miyar yaro ba za su yi ba. Gishirin ruwan ma a buhu ake aiko shi, wai na kasuwa bai isa ba. Maƙwabta na firfita da kwali, kifi na da janaretansa. Sylvanus aka ɗauka ya zama makiyayinsu.

A tsakiyar tankin akwai ƙumba. Kun san ƙumbar bakin kogi da ake kankare tukunya da ita? To wannan kakarta ce, ta kai kwanon tuwo, kuma da ranta. In fitila ta haska sai ta buɗe baki ta shimfiɗo leɓe shuɗi mai ratsin kore, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin tukunyar rini bai taɓa ganin shuɗi irin wannan ba. Shi ke nan, dattijo ya faɗa tarkon sonta. Ya raɗa mata Madam. Da safe ya gaishe ta kafin ya gaida maigida. Irene ta ce, "Baban Hope, ni da na haifa maka 'ya, yaushe rabon da ka tsaya ka kalle ni haka?" Ya ce, "Ke ai kina magana."

Wata rana ya ga wani ɗan abu ya tsiro a bayan ƙumbar, ruwan ƙasa, kansa da gashi siri-siri yana rausaya kamar fure. Bayan kwana biyu wani ya fito kusa da bakinta. Duk inda gashin ya taɓa leɓen Madam sai ta zabura ta janye, don harbi yake kamar rina. Ba fure ba ne, dabba ce mai baki, amma wa zai gaya wa ɗan manomi? Shi dai ya ga ciyawa a gona, kuma ubansa bai haifi raggo ba. Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki reza, ya yi mata noma tas, har da maimai.

Ashe duk ɓarɓashin da ya yanke ya bi ruwa, inda ya sauka nan zai zama sabo. Ciyawar tofa ma ta fi shi kunya. Kafin wata ya mutu sun rufe duwatsu, sun yi wa Madam rawani. Ta daina buɗewa sai ɗan tsagi, kamar mai leƙen baƙo ta taga. Sylvanus ya daina cin tuwo da kyau.

Ya je rumfar buga waya ya kira Wilson, mutumin Legas da ya sayar da tankin. Wilson ya yi ihu har mai rumfar ta ji. "Reza? Wa ya aike ka? Ka nemi sirinji, ka zuƙi ruwan lemun tsami, ka tsira wa kowanne a baki. Kaɗan-kaɗan, kar ya taɓa naman ƙumbar, kar kuma ka yi su duka rana ɗaya."

Sai ga Sylvanus ya zama malamin asibiti. Ya sa tabaran Irene na karatun Littafi, ya hau kujera, hannu cikin ruwa har hammata. Abin kuwa da wayo, allura na matsowa sai ya shige rami, sai Sylvanus ya yi kasaƙe kamar mai kamun fara ya jira shi. Wanda allura ta samu ya yi fari ya narke. Ya share bayan Madam, ya kama duwatsu. Ranar da ta sake shimfiɗo leɓenta gaba ɗaya, ya yi waƙar yabo shi kaɗai a falo.

Abin da bai sani ba, Onarabul ya daɗe yana nuna wa baƙi waɗannan masu gashin, wai furanninsa. Duk wanda ya zo neman kwangila sai an kai shi gaban gilashi. "Kun gani? Ko a Legas ba sa yaɗuwa haka. Hannuna ne da albarka." Su kuwa, da ya ce musu kashin kaza ne ma za su ce ƙamshi.

Ran nan ya dawo daga tafiya da 'yan rakiya, ya tarar da rabin lambunsa ya zama dutse, ga Sylvanus a kan kujera da allura.

"Sylvanus! Me kake wa furannina?"

"Oga, ba fure ba ne. Ƙwaro ne. Su ke kashe Madam."

"Wace Madam?"

Ya nuna ta. Onarabul ya leƙa. Madam kuwa, da inuwar babbar riga ta faɗo mata, ta rufe bakinta gam.

"Wannan dutsen? Abin da kullum na zo sai ya tsuke min baki? Su waɗannan ko yaushe na shigo suna ɗaga min hannu." 'Yan rakiya suka tuntsire da dariya, har da wanda bai ji abin da aka ce ba. "Cire shi. Yana tare musu wuri. In ka ƙara taɓa min fure ɗaya, ka bi shi."

Sylvanus ya buɗe baki, ya tuna Hope na makaranta, ya mayar ya rufe. Ya ɗebi ruwan tankin a bokiti, ya ɗauko Madam da hannu biyu, ya rungumo ta a bayan ɗan acaɓa har Kudenda, ruwan gishiri na jiƙa masa wando.

Gida ba fitilar teku, ba injin juya ruwa, wutar lantarki ma ta yi nata wuri. Ya sa ta a baho, da hantsi ya fitar da ita rana, da zafi ya ja ta inuwa, yana motsa ruwan da ludayi. Unguwa ta yi cincirindo, yara na tambaya ko tana cizo. Ta ɗan buɗe a rana ta farko, shuɗin ya koɗe kamar tsohon zane. Kafin Lahadi ta buɗe gaba ɗaya, irin buɗewar da ba a rufewa.

Irene ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu. "To tun da ta riga ta tafi, kar a yi asara biyu. Ina da yaji."

"Maman Hope, ki ji tsoron Allah."

Ya haƙa rami a gindin gwanda ya binne ta, ya ƙi abincin rana. Ran Litinin ya goge takalminsa ya nufi Narayi, ya niƙa kifi laushi, ya hau kujera, ya bi furannin Onarabul ɗaya bayan ɗaya yana sa musu a baki. Sun yi ƙiba, masha Allah.