Baba ya tashi yi wa mai goge liƙi a Ma'adi

Gabana ya faɗi da na ga Baba ya zura hannu a aljihu.

Aikin ido ne ya kawo shi Alƙahira. Jiya da la'asar na kai shi wani lambu a unguwar Ma'adi, muka tarar ana kiɗa a fili. Wata mata tana tsaye tana jan gogen Turawa, makaɗa jere a bayanta, jama'a sun yi tsit.

Kawai sai Baba ya miƙe da kuɗi. Liƙi zai yi mata. Ga masu gadi sun zuba mana ido, ni kuma takardar izinin zamana a ƙasar ta ƙare.

Na riƙo rigarsa. "Baba, don Allah ku zauna. A nan ba a liƙi."

"Sake ni, Habibu. Tunda mahaifiyarka ta rasu ban ji abin da ya shiga raina haka ba."

Na sake shi. Ya taka har gabanta ya ajiye kuɗin. Ba ta daina ja ba, ta dai rusunar masa da kai.

Da ku ne, za ku saki rigar?