Hoton Malama Rabi da Ba Mu Rataya Ba

Cikin shekarun da na yi ina koyarwa, ranar da har yau ta ƙi barin zuciyata ita ce Larabar da Malam Sani tela ya bar ni a tsaye a ƙofar shagonsa, ko wurin zama bai nuna mini ba.

Lokacin ina mataimakin hedimasta a wata firamare a Tudun Wada. Shekara guda ke nan da tashin bam ɗin nan da ya girgiza ƙasa, ya rutsa da ma'aikata da yawa. Mu ma ya ci mana mutum, Malama Rabi mai aji biyu, matar Malam Sani. Ta bar 'ya ɗaya, Hafsatu, tana aji uku a wurinmu.

Sai ga takardar umarni daga ofishin ilimi. Ga wanda bai san aikinmu ba, irin wannan takarda ba a gardama da ita: hedimasta ya sa hannu ya miƙa wa mataimaki, mataimaki ya aiwatar, a rubuta rahoto a mayar. Ta ce kowace makaranta ta yi taron tunawa, a yi shiru na minti ɗaya, a gayyaci iyalan mamata. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ni kuwa a lokacin akwai ni da son a yaba, sai na ƙara gishiri. Malama Saratu, aminiyar marigayiya, Kirista ce, ta ce su a coci sukan ajiye hoton mamaci a gaba ranar tunawa. Na karɓi hoton marigayiyar da ke wayarta, na kai wurin masu hoto a Kwangila aka wanke mini shi ƙato. Na kuma rubuta waƙa da hannuna, na ce Hafsatu za ta rera a gaban hoton.

Kullum lokacin tara, idan yara sun fita hutu, sai in kira ta ofis mu yi bita, hoton uwarta jingine da kabad yana kallonta. Ta haddace tsaf, ko hawaye ba ta yi, ni kuma ina ta yabon jarumtarta. Rana ta huɗu ba ta zo makaranta ba. Aka yi mako babu ita, taro saura kwana biyu. Shi ne na ɗauki katin gayyata na nufi shagon babanta.

Na yi sallama, ya amsa bai ɗago daga keken ɗinki ba. Na miƙa kati, ya ƙi karɓa.

"Malam," in ji shi, "ta'aziyya kwana uku ce, kun zo kun yi, Allah ya saka. An yi sadakar bakwai, an yi ta arba'in. Yarinyar nan sai da ta yi wata shida kafin ta daina tambayata yaushe Ummanta za ta dawo. Yanzu ta koma ƙin cin abinci. Wa ya zo ya tambaye ni kafin a tsayar da ita gaban hoton? Na riga na yi magana da wata makaranta a Gyallesu. Litinin can za ta koma."

Yarinya ta rasa uwa, ga shi ni da hannuna zan raba ta da ƙawayenta da malaman da suka san ta tun tana goye. Na ce, "Malam Sani, na yi kuskure, ka yafe mini. Me kake so mu yi?"

Ya tsayar da keken. "Rabi ba kallo take bukata ba, addu'a take bukata. In da gaske kuna son ta, randar da take cika wa yara a ƙofar ajinta, wa ya cika ta tun da ta tafi?"

Na san inda randar take, tana sito a kife, ni na sa aka kai ta can.

Da na koma na gaya wa hedimasta komai. Ya cire tabarau ya ce, "Takardar ta ce a kawo hoto?" Na ce a'a. "Ta ce marainiya ta yi waƙa?" Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce, "To, je ka gyara ɓarnarka." Malama Saratu kuwa kuka ta fashe da shi. Ta ce, "Wallahi mu hoton sanyaya mana zuciya yake yi. Ban san ciwo zai ji wa yarinyar ba." Ita ta ɗauko randar, ta wanke ta da hannunta, ta sayo sabuwar moɗa.

Ranar Juma'a aka yi taro a filin makaranta. Aka yi shiru na minti ɗaya kamar yadda aka umarta, malamin addini ya yi addu'a ga duk waɗanda suka rasu, Malama Saratu ma ta yi tata. Ba hoto, ba waƙa, ba wanda ya nuna wani. Na manna jadawali a ofis, kowane malami da ranar da zai cika randa, sunana a farko. A rahoto na rubuta gaskiya: an gayyaci iyali, sun nemi a ɗauke musu, an ɗauke musu. Babu wanda ya tuhume mu daga ofishin ilimi.

Da yamma na je na shaida wa Malam Sani. "Na ji," kawai ya ce.

Ranar Litinin tun bakwai ina tsaye a bakin ƙofa. Aka kaɗa ƙararrawa ban ga Hafsatu ba. Sai lokacin tara na hango ta a layin ruwa tsakanin ƙawayenta. Ta ɗebi ruwa ta sha, ta miƙa wa ta bayanta moɗa, suka ruga da gudu. Ta wuce ta gabana ba ta gaishe ni ba, ban kuma ga laifinta ba.

Ku da kuke shiga aikin nan yanzu, irin wannan takarda za ta zo muku, don ƙasar nan ba ta rasa abin tunawa. Ku bi umarni. Amma bala'in da ƙasa ke tunawa rana ɗaya a shekara, akwai gidan da ke kwana da shi kullum. Kafin ku tsara komai, ku je gidan ku yi sallama, ku tambaya.